Ƙofofin Gidan Malama Rahmatu

Malama Rahmatu ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a makarantun firamare na Minna, kuma a duk tsawon shekarun nan kunnenta bai taɓa hutawa ba. Kullum akwai mai kuka, akwai mai kawo ƙara, akwai wanda aka ƙwace wa fensir. Ta sha roƙon Allah ya nuna mata ranar da za ta zauna shiru. Da ranar ta zo, sai ta gano ba ta iya zama da shirun ba.

Mijinta Malam Sadisu ya rasu shekara biyu kafin ta yi ritaya. Ya bar mata fili babba a Maitumbi, can inda gari ke ƙarewa gonaki su fara, da ciki da falo da ya gina musu a ƙuryar filin. 'Yarta Nabila tana aure a Ilori. Ɗanta Kamalu yana aiki a Abuja, yana kiranta duk ranar Juma'a, kuma shi ne ya fara kawo maganar gidan haya lokacin da kuɗin sallamarta suka fito bayan dogon jira. Ya ce kada ta bar su a banki tsadar kaya ta cinye su tana kallo. Ya ce ma'aikata suna ta kwararowa Maitumbi saboda haya ta fi ƙarfinsu a Tunga da Bosso, duk wanda ya aza bulo a nan ba zai yi da-na-sani ba. Ya daɗe yana bayani. Ita kuwa abu ɗaya ta ji a cikin maganar tasa: za a samu mutane a gidan.

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa ta tashi, babanta yana cikin masu duba layin dogo. Iyali goma sha biyu ne a gidan, Nufawa da Gbagyi da Yarbawa da Hausawa, kowa ƙofarsa tana kallon ta ɗan'uwansa, famfo ɗaya a tsakiya. A bakin famfon nan ake faɗa, a nan ake shiryawa, a nan ta koyi zagi da yare huɗu tun kafin ta iya haɗa baƙi. Idan babarta ta kwanta ciwo, kafin azahar kwano uku ya shigo ɗakinsu ba tare da an roƙi kowa ba. Shekara hamsin ke nan, amma idan ta rufe ido har yanzu tana jin ƙarar bokitai da muryoyin matan nan suna kiran juna da sunan 'ya'yansu.

Don haka ranar da magini ya zo, wani Banufe mai suna Sheshi, ba ta jira ya kawo nasa zanen ba. Ta ɗauko ragowar allin da ya biyo ta daga makaranta, ta durƙusa a simintin falonta ta zana masa gidan. Ɗakuna huɗu manya a jere, bayansu ga titi, ƙofofinsu suna kallon tata ƙofar. Kicin ɗaya. Banɗaki biyu a gefe. Famfo ɗaya a tsakiyar tsakar gida. Ƙofar shiga ɗaya, wadda kowa zai bi.

Sheshi ya tsuguna ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce wannan ai ginin da ne, mutanen yanzu ɗaki mai komai a ciki suke so, su rufe ƙofa kada ma a san suna duniya. Ta ce masa rabin mutanen Minna ta hannunta suka wuce, ta san halin mutane. Ya yi dariya ya ce to shi yana cikin ɗaya rabin, amma kuɗinta ne, yadda ta ce haka za a yi.

Watannin ginin nan su ne mafi daɗi da ta yi tun rasuwar Malam. Tun da sassafe tsakar gida ke cika da leburori, ana kwaɓa siminti, ana musun ƙwallo, ana tsokanar wanda ya makara. Ba wanda ya sa ta, amma kullum sai ta dafa musu wake da doya ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana kallonsu suna ci. Har ta riƙa jin haushin saurin da suke yi. Ranar da mai fenti ya wanke burushinsa ya tafi, ta tsaya a tsakiyar gidan ita kaɗai, ƙofofi huɗu shuɗɗa suna kallonta, zuciyarta ta cika da wani irin ɗoki kamar na amaryar da ke jiran baƙi.

Kamalu ya haɗa ta da dillalin gidaje, Ndako, wani gajeren mutum mai babur da wayoyi uku. Ya zo ya zagaya, ya yaba fenti, ya ƙwanƙwasa bango ya yaba bulo, sannan ya leƙa ɗakin farko ya leƙa na biyu, ya fito yana sosa ƙeya.

"Hajiya, makaranta kika sake ginawa? Saura ƙararrawa da tuta kawai."

Ta ce ya dai kawo mutane. Ya kuwa kawo. Ya kawo wasu sababbin ma'aurata, amaryar ta kalli kicin ɗin ta raɗa wa mijin wani abu a kunne. Ya kawo wani ma'aikacin sakatariya wanda tambayarsa ɗaya ita ce ƙarfe nawa ake kulle ƙofar gida, kuma wa ke riƙe makulli. Ya kawo wata mata mai 'ya'ya uku wadda ta ƙirga banɗakunan da yatsa ta kalli 'ya'yanta. Duk ranar da Ndako ya ce zai zo da wani, Malama Rahmatu takan share gidan tas, ta sa mayafinta mai kyau, ta dama kunun aya ta sa a sanyi. Sukan sha, su yi godiya, su ce za su yi shawara. Ba wanda ya dawo.

Damina ta kankama, ɗakunan suna nan wayam. Kowace safiya takan buɗe tagoginsu su sha iska, da yamma ta rufe. Zanzaro ya fara gini a kusurwar ɗaki na uku, ta ɗaga tsintsiya za ta rushe, sai ta fasa. Idan Kamalu ya kira ya tambaya an samu mutum nawa, takan ce ana kan magana. Wani lokaci bayan la'asar takan buɗe famfon tsakar gida ba don tana bukatar ruwa ba, don dai ta ji wani abu yana motsi a gidan.

A wata na huɗu Ndako ya zo da Phoebe. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi a Tunga, doguwa mai saurin dariya, mijinta direba ne yana yawan tafiya. Ita ce ta farko da ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta shanye kunun ta nemi ƙari. Da ta ga famfon da jerin ƙofofin sai ta dafe ƙirji ta ce wannan ai gidansu ne na Kafanchan, babanta a jirgin ƙasa ya yi aiki, a irin wannan kwatas aka haife ta.

Malama Rahmatu ta ji hawaye sun taho mata. Suka shiga hira kamar waɗanda suka daɗe da sanin juna, ta jiniyar jirgi, da warin gawayi, da yadda yara ke sa kwabo a kan dogo ya baje. Ndako ya gaji ya fita waje amsa waya. A ranta Malama Rahmatu har ta zaɓa mata ɗakin da ya fi kusa da nata.

Sai Phoebe ta ajiye kofin, ta sassauta murya.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba, don na ga kina da kirki. Ni na rantse ba zan sake zama a irin gidan nan ba."

Malama Rahmatu ta tambaye ta dalili.

Phoebe ta ce abin da take tunawa shi ne layin banɗaki da safe, tana riƙe da ciki tana jiran mutum bakwai su fito. Tana tuna ranar da babanta bai samu albashi ba, mamanta ta ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu ta rufe, don kada matan gida su gane ba su da abin dafawa, kuma duk da haka sun gane. Tana tuna yadda kowa ya san ranar da iyayenta suka yi faɗa da abin da aka faɗa. Ta ce gaskiya ne ana taimakon juna, amma duk wanda ya ba ka kwano ya riga ya leƙa tukunyarka.

"Ke kin tuna daɗin, Mama. Wataƙila naku babanku yana samun albashi a kan kari."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ma maganar ta fi shiga. Sai Malama Rahmatu ta tuna da wata Maman Ndaman da ke ɗakin ƙarshe a kwatas ɗinsu, wadda kullum take girki a makare bayan kowa ya shige. A da ta ɗauka lalaci ne.

Phoebe ta ce tana son ɗakin, yana da girma, unguwar ba hayaniya, keke napep yana zuwa har bakin titi. Idan za a fasa mata ƙofa ta bayan ɗakin ta fuskanci titi, a toshe ta cikin gida, a yanka mata ɗan banɗaki a kusurwa a ja mata ruwa, to gobe ma sai ta tare. Aikinta ba shi da lokaci, ba ta son ta riƙa buga wa dattijuwa ƙofa, kuma ran Lahadi 'yan cocinsu kan biyo ta gida. Malama Rahmatu ta ce ai ita ba ta ƙi a buga mata ƙofa ba ko da yaushe ne. Phoebe ta yi murmushi ta ce ta sani, ta ga alama.

Kwana uku ba ta ba Ndako amsa ba. Ranar Juma'a Kamalu ya kira, ashe Ndako ya riga ya kai masa labari. Ya ce bai gane abin da take jira ba, aikin kwana biyar ne, ga mai kama ɗaki a hannu.

"Umma, haya fa kika gina. Me kike so da su? Ba danginki ba ne, ba 'ya'yanki ba ne. Su biya su zauna lafiya, shi ke nan."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa cewa tun ranar Talata ba ta yi magana da kowa ba sai mai sayar da nono da ta leƙo. Amma idan ta faɗa, zai ce ta tattara ta koma wurinsa a Abuja, inda za ta wuni a bene na uku tana kallon motoci ta taga. Sai ta ce masa haka ne, ya yi gaskiya, gobe za ta kira Sheshi.

Sheshi bai ce mata ai na faɗa miki ba, kuma ta gode masa a ranta. Ya fasa bangon baya ya kafa ƙofa, ya yi ɗan baranda a gaba, ya yanka banɗakin. A rana ta ƙarshe ya cire shuɗiyar ƙofar cikin gida ya jingine ta, ya fara jera bulo a gurbinta. Tana zaune tana kallo layi yana hawa kan layi, har ya rage wata 'yar kafa a sama wadda hasken titi ke shigowa ta cikinta. Ya cusa bulo na ƙarshe, ya shafe da siminti.

Phoebe ta tare. Kafin wata ya ƙare Ndako ya kawo Jafaru, wani malamin kwaleji, da matarsa Samira. Bayansu ya kawo Rukayat mai sayar da atamfa a Kasuwar Kure. Duk abin da aka yi wa Phoebe suka nema, duk aka yi musu. Kamalu ya kira yana murna, ya ce yanzu ta zama mai gidan haya ta gaske, har ya fara maganar su nemi wani filin wajen Tagwai kafin wurin ya yi tsada.

Tsakar gida kuwa ta zama wani wuri da ba ta san sunansa ba. Faci uku na sabon siminti a inda ƙofofi suke a da, da ƙofa ɗaya shuɗiya da ta rage a kulle. Mutanen da ta yi ta jira sun zo, suna nan, taku goma daga tabarmarta, amma bayansu suka ba ta. Ta cikin bango take jin su. Ta san ƙarar turmin Samira, ta san tarin Jafaru na safe, ta san waƙar da Phoebe ke yi idan tana wanke-wanke, har ta haddace amshin ba tare da ta san ma'anarsa ba. Takan ji an fashe da dariya, ita ma ta murmusa, sannan ta tuna ba ta san abin da aka faɗa ba.

Idan tana son ganinsu, sai ta fita ta ƙofar gida ta sha kwana ta biyo titi, kamar baƙuwa. Wata yamma ta yi hakan, da sunan za ta sayo tumatir. Tana shan kwanar ta tsaya cak. Samira tana zaune a barandar Phoebe, Phoebe tana yi mata kitso. Rukayat tana gefe tana gyaran barkono a faranti, tana ba su labarin wata mai ciniki da ta sa aka sauko mata da atamfa ashirin ta tafi ba ta sayi ko ɗankwali ba. Murhun gawayi ɗaya ne a tsakaninsu, tukwane biyu suna jiran layi. Abin da ta zana da alli ne, ba abin da ya ragu. Sun gina shi da kansu a bakin titi, ba tare da ita ba.

Suna ganinta hirar ta yanke. Samira ta jawo mayafi, Rukayat ta miƙe tsaye, suka gaishe ta da ladabi, suka tambaya ko lafiya, ko akwai abin da ya faru. Ta ce ba komai, wucewa take yi. Sai da ta yi nisa ta ji dariyar ta dawo.

Mako biyu bayan nan Ndako ya zo da albishir, ya samo wa ɗaki na huɗu wani ma'aikacin banki, mutum mai natsuwa, ba mata ba yara. Ta ce ta riga ta kira Sheshi, jibi zai fasa ƙofar. Ndako ya tafa hannu ya ce yanzu Hajiya ta gane harka. Ta bari ya gama murnarsa, sannan ta ce masa ya ba ma'aikacin bankin haƙuri, an riga an kama ɗakin.

"Wa ya kama? Wane dillali ne ya shigo mini gida ban sani ba?"

"Ni ce."

Ya ɗauka wasa take yi. Da ya ga ba wasa ba ne, ya ce shekararsa goma sha biyar yana wannan aiki, ya ga mai gida ya kori ɗan haya don ya zauna, amma bai taɓa ganin mai ciki da falo da tsakar gida guda ta koma ɗaki ɗaya a bakin titi tana shaƙar hayaƙin keke ba. Kamalu ya fi shi jin zafi. Ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa, ya ce hayar ɗaki guda za ta bi iska, ya tambaye ta ɗakin Baba fa, haka za ta bar shi? Wannan tambayar ce kaɗai ta taɓa ta. Ta wuni a falon tana kallon kujerar Malam da carbinsa da ke rataye a ƙusa tun ranar da aka fita da shi. Da Sheshi ya gama aikin, ta ɗauki katifa, da tabarma, da akwatin kayanta, da 'yar rediyo, ta ja ƙofar ta kulle.

Satin farko a bakin titi ya fi duk watannin baya ciwo. Tana shimfiɗa tabarma a barandarta, sai muryoyi su yi ƙasa. Samira ta mayar da girkinta cikin ɗaki. Ta ji Rukayat tana raɗa wa Jafaru cewa Hajiya ta fito ne ta ga wanda ke ɓarnar ruwa. Gaisuwa ba ta ragu ba, har durƙusawa suke yi, amma daga ina kwana sai Allah ya ƙara lafiya, kowa ya shige. A da bango ne a tsakaninsu, tana iya ɗora masa laifi. Yanzu ba bango, kuma ta kashe musu hirar da take sauraro. Ta fara tunanin ko ta kwashe kayanta ta koma ciki, aƙalla su samu sakewa ita ma ta samu muryoyinsu.

A rana ta tara, da hantsi, tana zaune tana tsince shinkafar da ba ta bukatar tsinta, Phoebe ta fito a gurguje cikin fararen kayan aiki, mai keke yana jiranta yana danna oda. Ta yi wanki da safe, zannuwan gado da rigunan mijinta suna shanye a igiya daga barandarta zuwa sandar lantarki. Ta ɗaga kai ta kalli gabas, inda sama ta ɗan yi duhu a bayan duwatsu. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Samira, sai ta tuna sun tafi biki Beji. Ƙofar Rukayat da kwaɗo, tana kasuwa. Ta tsaya tana juya jaka a hannu, mai keken ya sake danna oda. Sai ta juyo, da 'yar kunya.

"Mama, ki yi haƙuri, ban san ko ya dace ba. In hadari ya taso, ki taimaka ki kwashe mini shanyar nan? Ki ajiye a ɗakinki kawai, in na dawo zan shigo in karɓa."

Malama Rahmatu ta ce ta je abinta, Allah ya tsare. Ta faɗa a hankali, kamar ba wani abu ba ne, don kada muryarta ta tona ta.

Keken ya tafi. Layin ya yi tsit, ƙofofi uku a rufe. Ta ajiye farantin shinkafar, ta shiga ɗaki ta share kan akwatinta ta shimfiɗa tsabtataccen zane inda za ta ɗora kayan, ta fito da kujera ta biyu ta goge mata ƙura. Sannan ta jawo tabarmarta bakin baranda inda za ta iya ganin gabas sosai.

Azahar ta yi, hadarin yana nan inda yake, bai matso ba bai watse ba. Ta yi salla ta dawo ta zauna. Zannuwan sun riga sun bushe, iska tana kaɗa su a hankali. Ba ta taɓa su ba, tunda ba haka aka ce mata ba. Ta zuba wa sama ido, tana roƙon Allah a ranta, ko yayyafi ne.